Idan Tsoho Ya Farka Daga Barcin Tiyata

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin majinyata na wani babban asibiti yana jinyar wani nasa, da wuya ya rasa ganin irin wannan al'amari. An shiga da dattijo ɗakin tiyata ran Talata da hantsi saboda toshewar fitsari, ko ƙaba, ko karayar ƙugu. Kafin la'asar an fito da shi, ya buɗe ido, ya gane 'ya'yansa, har ya tambaya ko an yi azahar. Likita ya ce aiki ya yi kyau. 'Yan'uwa suka yi hamdala, waɗanda suka zo daga ƙauye suka nemi mota suka koma, aka bar ɗa guda ko jika yana jinya. Ran Laraba da dare sai labari ya sha bamban. Dattijon da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba ya tashi yana fizge robar ƙarin ruwa, yana kiran mutanen da suka rasu tun da daɗewa, yana cewa a buɗe masa ƙofa zai tafi gona. Ɗansa ya ce, "Baba, ni ne fa," shi kuwa ya bi shi da kallon baƙo.

Da gari ya waye kowa sai ya kawo tasa fassarar. Wani ya ce iska ce, wani ya ce hannu aka sa masa, wani kuma ya ce maganin barcin ne ya yi yawa ya taɓa masa kai. Daga nan sai a tura wanda ya yi boko a cikin dangi, yawanci ma'aikacin nan da ya biya kuɗin aikin, ya je ya tambayi likita: shin babu wata allura da za a yi wa Baba ya dawo hayyacinsa?

Tambayar tana da ma'ana, amsarta ce ba ta zo daidai da yadda mai tambaya yake so ba. Akwai magunguna tabbatattu da ke dawo wa tsoho da ƙarfin tsokarsa da numfashinsa bayan tiyata. Amma wanda zai dawo masa da hankali, an shafe shekaru ana nema, an gwada da yawa, har yau likitoci ba su haɗu a kan ko ɗaya ba. Abin da aka fi tabbatarwa a wannan fanni shi ne magungunan da ya kamata a rage wa tsoho, ko a hana shi ɗungum.

ABU UKU A HAƊE

Abin da muke kira maganin barcin tiyata, wanda wasu ke ce wa banju, ba magani ɗaya ba ne. Likitan banju yana haɗa abu uku: na sa barci, na kashe zafi, da na saki tsoka don kada jiki ya motsa a ƙarƙashin wuƙa. Na ukun nan yana tsai da tsokokin numfashi ma, shi ya sa ake zura bututu a maƙogwaro, na'ura ko hannun likita su riƙa yi wa majinyaci numfashi har a gama.

Na sa barcin ba shi da makari. Idan iskar shaƙa ce, huhu ne ke fitar da ita sannu a hankali bayan an rufe na'ura. Idan kuwa farin ruwan nan ne mai kama da madara da ake kira furofofol, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1986, jini ne ke kwashe shi daga ƙwaƙwalwa ya kai hanta ta sarrafa shi. Watau jikin majinyaci ne ke tashe shi da kansa, likita jira kawai yake yi yana tsaro.

To, a nan ne shekaru ke shigowa. Hantar mai shekara 80 ta ragu, jinin da ke ratsa ta ya ragu, ƙodarsa ba ta tace jini kamar da. Ruwan jikinsa ya yi ƙasa, kitse ya ƙaru, magungunan barci kuwa da yawansu a kitse suke ɓuya su daɗe. Ƙwaƙwalwar ma ta fi saurin jin magani. Masana sun auna cewa daga shekara 40 zuwa sama, yawan iskar banjun da mutum ke bukata yana raguwa da kamar kashi 6 cikin ɗari a kowace shekara goma. Allurar kashe zafi irin su mofin kuwa, sau da yawa rabin abin da za a yi wa saurayi ya ishi tsoho. Saboda haka taimako na farko da likitan banju zai yi wa farkawar dattijo tun kafin a sa wuƙa yake yinsa, wajen auna abin da zai zuba masa.

WAKEN KALABA

Magani na saki tsoka asalinsa dafin kibiya ne na mafarautan dazuzzukan Kudancin Amurka, mai suna kurare. Ran 23 ga Janairun 1942 wani likita mai suna Harold Griffith da mataimakiyarsa Enid Johnson suka fara amfani da shi wajen tiyata a birnin Montiriyal na Kanada. Ya sauƙaƙa aikin ciki da na ƙirji ƙwarai, amma ya zo da nasa hatsarin: majinyaci yana iya farkawa daga barci alhali tsokarsa ba ta gama dawowa ba. Zai buɗe ido, zai matse maka hannu, amma ba zai iya tari mai ƙarfi ba, ba zai iya haɗiye yawu sosai ba. Majina ta taru a huhu, ko abin da ke ciki ya kwarara zuwa hanyar iska, bayan kwana biyu sai a ji ana maganar ciwon huhu.

Wannan matsala ta fi kama tsofaffi. A wani bincike da aka buga a 2015 daga jihar Ilinoi ta Amurka, an gwada majinyata 150 masu shekara 70 zuwa 90 da wasu 150 masu shekara 18 zuwa 50. Kusan kashi 58 cikin ɗari na tsofaffin sun iso ɗakin farfaɗowa da sauran sanyin tsoka a jikinsu, matasan kuwa kashi 30.

Makarin da aka daɗe ana amfani da shi, wanda kuma shi ne za a samu a yawancin asibitocinmu, sunansa niyostigmin, kuma tarihinsa ya bi ta ƙasar nan. Mutanen Efik na tsohuwar Kalaba suna da wani wake mai dafi da suke kira esere, wanda a zamanin da ake daka shi a ba wanda aka zarga da maita ya sha. Idan ya amayar ya tsira, an wanke shi ke nan. Idan ya mutu, sai a ce laifinsa ya tabbata. 'Yan mishan na ƙasar Skotlan da suka sauka Kalaba a 1846 a ƙarƙashin Hope Waddell, wanda sananniyar makarantar nan ta Kalaba ke ɗauke da sunansa, su ne suka aika da waken zuwa Edinbura. A shekarar nan ta 1846 ne kuma aka fara nuna tiyata da banju a bainar jama'a a birnin Boston, ba wanda ya san abubuwan biyu za su haɗu wata rana.

Wani shehun malami na Jami'ar Edinbura, Robert Christison, masanin dafi, ya ba da labari a 1855 cewa ya tauna ɓarin waken don ya ji aikinsa a jikinsa. Da ya ji jiri ya kama shi, zuciyarsa na neman tsayawa, sai ya ɗauki ruwan sabulun da ya yi aski da shi ya kwankwaɗe don ya yi amai. Da haka ya sha da ƙyar. A 1864 wasu Jamusawa biyu, Jobst da Hesse, suka ware sinadarin da ke cikin waken, aka sa masa suna fisostigmin, kana a 1931 masana a ƙasar Suwizalan suka kwaikwayi ƙirarsa suka haɗa niyostigmin.

Yadda yake aiki kuwa shi ne, tsakanin jijiya da tsoka akwai wani sinadari ɗan aike mai kai umurnin motsi. Maganin saki tsoka tare masa ƙofa yake yi. Shi kuma niyostigmin hana jiki rushe ɗan aiken yake yi, har su taru da yawa su ture mai tsaron ƙofar. Sai dai ɗan aiken nan ba tsoka kaɗai yake zuwa ba. Idan ya yi yawa bugun zuciya yana sauka, yawu ya yi ta zuba, hanji ya murɗa. Don haka ba a yin allurar niyostigmin ita kaɗai, sai an haɗa ta da atrofin ko gilaikofirolet. Ga tsoho bambancin waɗannan biyu ba ƙarami ba ne, domin atrofin yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa kuma yana iya ruɗa shi, shi kuwa gilaikofirolet da wuya ya ratsa. Har wa yau niyostigmin yana da iyaka: ba ya iya ta da tsokar da ta yi nisa a sanyi, kuma yana ɗaukar kamar minti goma kafin ya kai ƙarshen ƙarfinsa.

Sabon makari ya fito daga ɗakin binciken kamfanin Organon a Skotlan, aka yarda da shi a Turai a 2008, a Amurka kuma a ƙarshen 2015. Sunansa sugamades. Shi zobe ne na ƙwayoyin sukari takwas, mai rami a tsakiya, wanda ke cafke maganin saki tsoka a cikin jini kamar tarko, su fita tare ta fitsari. Cikin minti biyu zuwa uku tsoka ta dawo, ko da yake ga tsoho yakan ɗan ƙara jinkiri. A 2020 aka buga gwajin da aka yi a jihar Oregon da majinyata 200 masu shekara 70 ko fiye: kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa sugamades ne suka fito da sauran sanyin tsoka, na niyostigmin kuwa kashi 49. Amma da aka zo ƙirga matsalolin huhu, kashi 33 ne da kashi 40, tazarar da masu binciken da kansu ba su ɗauke ta hujja ba. A 2023 ƙungiyar likitocin banju ta Amurka ta fifita shi a kan niyostigmin a yawancin halaye, ta kuma nace a riƙa auna dawowar tsoka da na'ura maimakon dogara ga ido.

Kada mai karatu ya ɗauka an gama magana. Sugamades yana kama rokuroniyam da bekuroniyam ne, ba ya taɓa atrakuriyam, wanda asibitoci da yawa ke aiki da shi. Ba a son yi wa mai ciwon ƙoda mai tsanani, tsadarsa kuma ta ninka ta niyostigmin nesa ba kusa ba. A ganina, asibitin da zai zaɓi tsakanin sayen wannan allura da sayen ƙaramar na'urar auna tsoka, gara ya fara da na'urar, domin da ita ko tsohon makarin ma yana yin aiki lafiya.

Akwai wasu makarai biyu da ake ajiyewa don ta-ɓaci. Nalokson yana karya mofin da danginsa idan numfashi ya yi ƙasa, fulumazenil kuma yana karya diyazifam da danginsa. Dukansu aikinsu gajere ne, sukan ƙare kafin abin da suka karya ya bar jiki, sai majinyaci ya sake nutsewa cikin barci bayan kowa ya saki jiki. Nalokson idan an zuba shi gaba ɗaya yana dawo da zafin yanka farat ɗaya, jini ya hau, abin da tsohuwar zuciya ba ta so. Ba allurai ba ne da ake yi wa kowa don ya yi saurin tashi.

ƊIMUWAR KWANA NA BIYU

Mu koma kan dattijonmu na ran Laraba. Abin da ya same shi likitoci suna kiransa diliriyam, mu kira shi ɗimuwa. Ba magagin barcin da ake yi a sa'a ta farko ba ne, ba kuma gigin tsufa ba ne, wanda ke shigowa a hankali cikin shekaru. Ɗimuwa takan zo ne tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki, tana zuwa tana tafiya, da safe mutum ya yi magana daidai, da dare ya rikice. Tana da fuska biyu. Akwai mai hayaniya, wadda kowa ke gani. Akwai kuma mai shiru, inda tsoho zai kwanta lamo, ba ci, ba magana, ana ta yaba masa haƙuri. Wannan ta biyun ta fi yawa ga tsofaffi, ita ce kuma ake yawan wucewa ba a lura ba. Masu ɗimuwa sun fi daɗewa a asibiti, sun fi faɗuwa daga gado, mutuwa ta fi yawa a cikinsu, wasu kuma tunaninsu ba ya komawa yadda yake.

Tun 1955 wani likitan tsofaffi a Oksfod ta Ingila, Dokta Bedford, ya rubuta a mujallar likitoci ta Lancet labarin tsofaffi 18 da suka shiga tiyata da hankalinsu suka fito ba su ƙara zama daidai ba. A 1998 wani babban bincike na ƙasashe da yawa ya yi wa mutum 1,218 masu shekara 60 ko fiye jarrabawar tunani kafin aiki da bayansa. Mako guda bayan tiyata kusan kashi 26 cikin ɗari sun nuna koma-baya, bayan wata uku kuma saura kusan kashi 10.

Da jin haka mutum zai ce laifin banju ne, a guje masa a koma allurar gadon baya mai kashe rabin jiki. An gwada. A 2021 aka buga sakamakon majinyata 1,600 masu karayar ƙugu a asibitoci 46 na Amurka da Kanada, rabi aka sa su barci, rabi aka yi musu allurar baya. Ɗimuwa ta kama kamar mutum ɗaya cikin biyar a kowane ɓangare. Ashe ba maganin barcin kaɗai ba ne. Yankan kansa, da kumburin da jiki ke mayar da martani da shi, da zafi, da rashin barci, da baƙon wuri, duk suna da hannu, musamman ga wanda tunaninsa ya fara rauni tun daga gida.

Maganin da ya fi ba da fata shi ne deksmedetomidin, wanda ke kwantar da mutum ba tare da danne numfashi sosai ba. A 2016 likitocin wasu asibitoci biyu na birnin Beijing a ƙasar Sin suka ɗauki tsofaffi 700 da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman bayan tiyata, suka ɗiga wa rabinsu ɗan kaɗan ta jijiya har zuwa ƙarfe takwas na safe. Ɗimuwa ta kama kashi 9 cikin ɗari nasu, sauran kuwa kashi 23. Duniyar likitoci ta yi murna. Shekara na zagayowa sai ga wani gwaji daga Amurka da mutum 404, inda aka ba da shi lokacin da ake cikin aiki, ba a ga wani bambanci ba. A 2020 aka sake gwada shi ga masu tiyatar zuciya, nan ma bai rage komai ba. Ga shi kuma yana saukar da bugun zuciya da ƙarfin jini, don haka ba a ba da shi sai inda akwai na'ura da mai kallonta dare da rana.

An sa rai ga ketamin ma, maganin da asibitocin karkara a Afirka suka dogara da shi saboda ba ya bukatar babbar na'ura kuma ba ya yawan tsai da numfashi. Gwajin 2017 da mutum 672 masu shekara 60 ko fiye ya nuna bai hana ɗimuwa ba, sai ma ƙarin gane-gane da munanan mafarkai. A ƙasar Holan an taɓa gwada wani maganin gigin tsufa mai suna ribastigmin ga masu ɗimuwa a sashen kulawa ta musamman, aka dakatar da gwajin kafin lokaci, aka buga a 2010 cewa mutuwa ta fi yawa a ɓangaren masu shan maganin. Ganin duk wannan ne ƙungiyar likitocin banju ta Turai, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2024, ba ta ba da shawarar a riƙa ba da wani magani don rigakafin ɗimuwa ba.

WAƊANDA AKE JA DA BAYA DA SU

Da tsakar dare, tsoho na ihu, sauran majinyata sun kasa barci, ma'aikaciyar jinya ɗaya ce ke riƙe da gadaje talatin. Abin da ya fi sauƙi shi ne allurar diyazifam, wanda jama'a suka sani da Valium. Zai yi shiru kam. Amma wani bincike na 1975 ya nuna cewa lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya rage rabin wannan magani yana tashi daga kamar sa'a 20 ga mai shekara 20 zuwa kamar sa'a 90 ga mai shekara 80. Watau allurar daren Laraba tana nan a jikin dattijo har ran Lahadi, tana ƙara masa ɗimuwar da aka yi ta dominta. Garin neman gira sai a rasa ido. Inda wannan rukunin magani ke da gurbi shi ne ga mashayin giya da aka yanke masa ita farat ɗaya, ko wanda ya saba shan ƙwayar barci kullum. Shi ya sa ɓoye wa likita irin wannan ɗabi'a don kunya yana da hatsari.

Tun 1991 wani likita Ba'amurke mai suna Mark Beers ya fara tsara jerin magungunan da ba su dace da tsofaffi ba, ana kuma sabunta shi har yanzu. Da yawa daga cikinsu suna nan birjik a kantunan maganinmu, ana sayarwa ba takarda. Akwai maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci irin su Piriton, akwai Phenergan da ake bayarwa don amai. Akwai allurar fetidin, wadda saurarta ke taruwa idan ƙoda ta yi rauni har ta sa ruɗewa ko farfaɗiya. Fentazosin, allurar kashe zafi da ake yawan yi a asibitocinmu bayan tiyata, ita ma an san ta da sa tsofaffi gane-gane. Su diklofenak kuwa ba sa taɓa hankali kai tsaye, amma suna iya ƙwarzane ciki su kuma durƙusar da ƙodar da ta riga ta sha wahalar ƙishirwa da zubar jini.

Wannan ba yana nufin a bar tsoho da zafi ba. Zafin da ba a kashe ba shi kansa yana kawo ɗimuwa, dattawanmu kuwa gwanayen cijewa ne, sai an tambaya an sake tambaya. Dabarar da ake bi yanzu ita ce a sa farasitamol ya zama tushe, ana ba da shi a kan lokaci ba sai an yi kuka ba, a yi allurar kashe jijiyar wurin da aka yanka idan da hali, sa'an nan a cike da mofin kaɗan kaɗan. A wani ƙaramin gwaji a Boston da aka buga a 2019, masu tiyatar zuciya 120 ne, ɗimuwa ta kama kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka riƙa yi wa farasitamol ta jijiya, sauran kashi 28. Mutum 120 ba su isa a yanke hukunci ba, amma magani ne mai araha mai ƙarancin illa, muddin an rage shi ga ramammen tsoho ko mai ciwon hanta. Don amai akwai ondansetron, wanda ba ya sa magagi. Idan kuma ɗimuwa ta kai tsoho zai ji wa kansa ko wani rauni, likita yana iya ba da ɗan haloferidol na ɗan lokaci, ban da mai ciwon karkarwar nan ta Parkinson. Kwantar da shi kawai yake yi, ba ya warkar da sanadin.

Sanadin kuwa nemansa ake yi. Sau da yawa abu ne da hannu ke iya gyarawa: robar fitsari ta toshe mara ta cika, kwana huɗu ba bayan gida, zazzaɓi na shigowa daga huhu ko wurin ɗinki, iskar oksijin ta yi ƙasa a jini, sukari ya faɗi, gishirin jini ya ragu, ko kuwa ƙishirwa ce tsagwaronta. Ƙa'idar yau ta yarda majinyaci ya ci abinci har zuwa sa'a shida kafin aiki, ya sha ruwa zalla har zuwa sa'a biyu, sai fa in likita ya ga dalilin hanawa. Amma sau nawa ake hana dattijo ko kurɓin ruwa tun sha biyun dare, kana a ɗage aikinsa zuwa yamma a cikin zafin bazara?

AIKIN MAI JINYA

Abin da ya fi duk allurai nuna sakamako ba a kwalba yake ba. A asibitin Jami'ar Taiwan da ke Taipei, an ɗauki tsofaffi 377 da aka yi wa babbar tiyatar ciki. Rabinsu wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa musu kullum da abu uku: ta yi hira da su tana tuna musu rana da wuri da abin da ya faru, ta taimaka musu wanke baki da cin abinci, ta kuma tashe su su taka. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ɗimuwa ta kama ƙasa da kashi 7 cikin ɗari nasu, sauran kashi 15, kuma sun riga sauran komawa gida da kwana biyu.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. A 2018 aka buga binciken tiyata mafi girma da aka yi a Afirka zuwa lokacin, wanda ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Nijeriya. Mutum 239 suka rasu, kuma 225 daga cikinsu ba a ranar aiki suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, watau lokacin da hankalin kowa ya kwanta. Ƙidayar da ƙungiyar likitocin banju ta duniya ta fitar a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta da ko likitan banju ɗaya ga kowane mutum dubu ɗari, alhali ana son a sami biyar. Idon da zai tsaya a kan dattijo da ƙarfe biyun dare, a yawancin asibitocinmu, idon ɗansa ne ko jikarsa.

Abin da ma'aikaciyar Taipei ta yi kuwa babu wanda ya fi ƙarfin mai jinya. Ya kawo wa Baba tabaraunsa da haƙoransa na roba da carbinsa da 'yar rediyonsa. Ya buɗe taga da rana, ya rage fitila da surutu da dare, ya riƙa gaya masa lokacin kowace salla da sunan garin da yake. 'Yan dubiya su shigo bibbiyu, kada su cika ɗaki. Da zarar likita ya yarda, a zaunar da shi, a taka da shi ko zuwa bakin ƙofa ne. Kafin ranar aiki a tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya a kai wa likitan banju, na hawan jini da na sukari da asfirin, har da jiƙe-jiƙe da garin magani na gargajiya, a kuma faɗi gaskiya idan ya fara mantuwa a gida. Kada mai jinya ya sayo wata ƙwaya a bakin asibiti ya ba shi a ɓoye don ya sami barci. Idan ya ga canji, ko da shirun da bai saba ba ne, ya gaya wa ma'aikatan jinya da kalmomi bayyanannu: jiya ya san ni, yau bai san ni ba.

Yawancin ɗimuwa takan washe cikin kwanaki idan an gano sanadinta, amma sauranta na iya bin tsoho gida har makonni, ya riƙa mance abin da aka gaya masa da safe, lissafi ya riƙa kufce masa. A irin waɗannan makonni wani ya riƙe masa magungunansa yana ba shi a kan lokaci, kada a bar shi ya tuƙa mota, kuma takardun fansho, ko na sayar da gona, ko na rabon gida, a ajiye su tukuna har sai an koma asibiti ranar da aka rubuta masa, likita ya duba shi.